Kunnen Auta na Hagu

Litinin, da hantsi

Babansu lafiya, in ban da gwiwar nan tasa da ba ta barinsa ya durƙusa. Ni lafiya. Babbar 'yata ta bugo waya jiya, ita da yaranta ƙalau. Matar Auta lafiya, tana zuwa makarantar da take koyarwa. Auta ne dai. Kunnensa na hagu.

Ba ni da wanda zan faɗa wa. Babansu in na fara sai ya ƙara muryar rediyo. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin da na yi ajin manya da shi. Tunda na sha wahala na koyi rubutun nan da furfura a kaina, bari ya yi mini rana.

Cikin 'ya'yana Auta kaɗai Allah ya yi zabiya. Har yau Auta nake ce masa, ga gemu ga mata. Idonsa ba shi da ƙarfi. Tun yana ƙarami yake sa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, in ya cire ko fuskata ba ya rabewa da ta maƙwabciya. Aikinsa karanta mitar ruwa, gida-gida, rana na dukansa tun safe. Na saya masa hula mai faɗin baki ban san iyaka ba, kullum sai ya ce iska ta ɗauke.

Gyambon yana bakin kunnen, ta sama. Tun bara yake ɓawo, ya faɗi, ya yi jini, ya sake ɓawo. A asibiti sun ɗebi 'yar tsoka sun kai gwaji. Jibi za mu ji.

Laraba, bayan azahar

Mun je mu uku, ni da shi da matarsa. Ɗakin Likita ƙarami ne, gado mai shimfiɗar leda, fitila mai dogon wuya, fanka tana juyi ba iska. Likitar mace ce, ba ta kai babbar 'yata shekaru ba. Ta faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta shi ba.

Ta ce tiyata za a yi a cire shi, kuma ba a makara ba. Ta ce, "Malam, cire tabarau." Ta ɗauko alƙalami mai shuɗin tawada ta zana layi a kunnen, ta kewaye gyambon, amma da nisa. Layin ya haura har inda kunne ya haɗu da kai.

Na ce, "Likita, hannunki ya zarce. Ciwon ga shi nan bai fi ƙwayar wake ba."

Ta ce, "Bai zarce ba, Mama. Wanda ido ke gani ke nan. Yakan miƙa siraran jijiyoyi ta ƙarƙashin fata, ba a ganinsu. Dole in haɗa da lafiyayyen nama ta kowane gefe. In na cire, za a kai ɗakin gwaji a duba bakin yankan kewaye. In an ga bakin tas, mun gama."

Na ce, "Wato da sani za ki yanki inda ba ciwo?"

Ta ce, "Da sani, Mama."

Auta ya ce, "Likita, abin da kika cire ki ƙunsa mini a takarda. Inna tela ce, ta mayar mini da shi a keke." Wata nas mai wushirya da ke wurin har da riƙe ciki. Matarsa ba ta yi dariya ba. Ni ma.

Laraba, da yamma

Na gaya wa Babansu. Ya kashe rediyon, abin da ba ya yi. Ya ce, "Ke, ki daina ce masa gyambo. Daji ne, dajin fata. Kuma yarinyar nan ta yi gaskiya. Ni da na tsufa a walda, in tsatsa ta ci jikin mota ba a bakin tsatsar nake yankawa ba, sai na shiga ƙarfe mai kyau. In ba haka ba, damina ɗaya ta dawo."

Na ce masa ɗana ba mota ba ne. Ya kunna rediyonsa.

Alhamis, da safe

A kan me tabarau zai zauna?

Juma'a, bayan la'asar

Auta ya biyo daga aiki kamar kullum, ya zauna a hannun kujera inda na hana shi zama tun yana yaro, ya sha shayi. Shuɗin layin bai gama gogewa ba. Ƙafar tabarau tana kwance daidai a kan layin.

Na ce, "Auta, ka duba mana. In an cire nan, tabarau ya faɗi. In tabarau ya faɗi, da me za ka ga mita? In ba ka ga mita ba, su ajiye ka a yi me?"

Ya ce, "Sai in koma shafa lambobin da hannu, Inna."

Na ce ba wasa nake ba. Tun da nake ɗinki ban taɓa yankar yadi mai kyau na zubar ba, ko faɗin yatsa ne sai na sama masa wuri. Naman nan lafiyayye ne. Na taɓa masa wurin, na ce ya ji zafi? Ya ce a'a. Na ce to ka gani. Lafiyayye ne.

Ya yi ta juya kofi. Da zai tafi ya tsaya gaban madubin ƙofa ya daɗe.

Lahadi, da rana

Na sake yi masa maganar. Matarsa ta ce, "Inna, a bar wa Likita aikinta." Na ce ai ba ke kika haife shi ba. Ban kyauta ba. Ta tashi ta shiga kicin ta wanke kwanonin da aka riga aka wanke.

Talata, da yamma

An yi.

Da safe, kafin su shiga, na ga Likita a baranda tana shan ruwa. Mun yi magana. Daga nan ta shiga ta yi magana da Auta su biyu. Shi ke nan.

Ba a sa shi barci ba, allura aka yi masa a wurin. Ni da matarsa muna kan bencin ƙarfe, mai shara yana ta kai da komo da tsumma yana cewa mu ɗaga ƙafa. Da aka fito da shi kansa naɗe da bandeji, abin da na fara dubawa tabarau. Yana nan zaune, a karkace saboda bandejin, amma yana zaune.

Likita ta ce, "Na bar saman, yadda ya nema. Ta can na matso kusa da ciwon fiye da yadda nake so. Na gaya masa abin da hakan ke nufi, ya ce ya ji. Sai sakamako ya fito."

Na yi ta sa mata albarka. Ta ce, "Mama, ki bari tukuna."

Alhamis, da hantsi

Babansu lafiya. Ni lafiya. Auta ya ci abinci ya ƙara. Na yi barci jiya kamar an ɗauke mini dutse.

Asabar, da safe

Na raka shi wankin ciwo. Nas mai wushirya ta buɗe ta ce, "Mama tela, zo ki ba mu maki." Ɗinkin ƙanana ne a jere, baƙin zare, ba inda ya tattare. Na ce wannan hannun in ta gaji da asibiti ta zo in ba ta keke. Kunnen ya ɗan ragu ta gefe kamar an gutsuri biskit, amma kunne ne.

Matarsa tana gaishe ni, ina amsawa. Iyakarta ke nan.

Laraba, bayan azahar

Sakamako ya fito. Gefe uku tas. Gefen sama ba tas ba.

Laraba, da yamma

Bari in rubuta yadda Likita ta faɗa, ko zan gane.

Ta ce a bakin yankan, ta sama, an ga ciwon ya kai har ƙarshe. Wato akwai saura a jikinsa, a wurin da aka bari. Sai an koma. Wannan karon saman kunnen duka zai tafi, da 'yar fatar da ke bayansa, a ɗebo fata daga wani wuri a rufe. Ta laluba wuyansa da yatsu, ƙasan kunne, ƙasan haɓa, ta ce, "Ba ƙullutu tukuna."

Tukuna. Wannan kalmar ta biyo ni har gida.

Ta ba shi Alhamis ta mako mai zuwa. Ta ce ya sanar da nas kafin azahar ɗin Talata, in ba haka ba a ba wani wurin, shi kuma sai ya bi layi daga baya, ita kuwa ba ta son wannan abin ya jira. Ba ta dube ni da wani ido ba. Da ma ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Auta bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya mayar da tabarau, ya ce, "Na gode, Likita," ya fita ya bar mu.

Alhamis, bayan la'asar

Ya zo. Bai zauna ba. Ya ce ba zai koma ba.

Na ce, "Auta, ka ji abin da ta ce, akwai saura."

Ya ce, "Taɓa nan, Inna." Ya kamo yatsana ya ɗora a saman kunnen. "Ba zafi. Ba ƙurji. Lafiyayye ne. Ke kika faɗa."

Babansu ya ce, "Kai, kar ka mayar da mu sakarkaru. Je ka a cire abin nan."

Ya ce, "Baba, an yanka sau ɗaya na yarda. Gobe a ce gefen ƙasa, jibi a ce wuya. Sai an ƙarar da ni kamar sabulu?"

Ya fita. Shayin da na zuba masa ya huce a kan tebur, na rasa mai zubarwa.

Juma'a, da safe

Bai ɗauki waya ba.

Juma'a, da yamma

Bai ɗauka ba. Bai biyo ba. Matarsa ce ta zo, da jakar makaranta a kafaɗa, alli a hannun riga. Ba ta ko cire takalmi ba.

Ta ce, "Inna, ya koma aiki yau. Cikin ranar nan, da ɗinki a kunne."

Na ce ki hana shi mana.

Ta ce, "Ni? Ai ba ni na haife shi ba." Sannan ta ce, "Na gan ki a baranda ran nan. Na ga kin riƙe hannun Likita da hannu biyu kina kuka. Da ta shiga ta tambaye shi, cewa ya yi a yi yadda Inna ke so. Ni ban isa in kwance abin da kika ɗaura ba. Maganarki yake ji, ko yana fushi da ke."

Ta zauna a bakin gado ta fashe da kuka, na ba ta gefen zanena ta share fuska. Da za ta tafi na zuba mata abinci a kwano ta kai masa, na ce kar ta ce daga nan ne. Ta ce, "Inna, cokali ɗaya zai gane."

Asabar, da hantsi

Ni ba lafiya ba. Ban san me zan ce yana yi mini ciwo ba.

Asabar, bayan azahar

Na zauna gaban keke ba abin ɗinkawa, sai idona ya faɗa kan robar ƙugun wani tsohon wando. Na yanko ta, na ɗinke bakinta biyu a ƙafafun tabarauna na karatu, ta zagayo ta ƙeya. Na lanƙwasa kunnena na hagu na manne shi da filasta, kamar babu shi. Na sa tabarau.

Ya zame. Gefen hagu yana sauka kan kunci.

Babansu yana kallona ta saman rediyo. Ya ce, "Innarsu, ke kuma wa ya yanke miki?"

Na ce in ba zai taimaka ba ya yi mini shiru. Ya ja gwiwarsa ya taso, ya karɓi tabarau ya jujjuya. Ya ce robar tana ja baya ne kawai, ba abin da ke riƙe shi sama. Ya kunna kyandir ya gasa ƙafar hagun kaɗan, ya lanƙwasa ta ciki yadda za ta kama ƙashin kai, ya ce in ɗaga robar ta bi saman ƙeya, ba ƙasa ba. Na farke na sake. Na farke na sake. Na sa wani ɗan ƙyalle mai laushi inda ƙafar ke taɓa fata.

Na sunkuya na ɗebi ruwa, bai faɗi ba. Na yi shara, bai faɗi ba. Na girgiza kai kamar mai cewa a'a, yana nan. Babansu ya ce, "To, ga ki kamar mai walda." Ya koma kujera, amma rediyon bai kunna ba.

Lahadi, da rana

Matarsa ta ce yau ma ya fita, wai yana cike kwanakin da ya rasa. Ta gaya mini unguwar. Na ɗaure ɗankwali ta baya don kunnen ya fito, na hau mota da filastata da robata. Kowa ya kalle ni ya kau da kai, ya sake kallo. Wata mata ta ja 'yarta ta matsa. Tafiyar ba ta da nisa amma na ji kamar ba za a iso ba.

Na same shi a wani matsattsen titi, a durƙushe gaban ƙofar wani gida. Ya ɗaga murfin ƙarfen mita, fuskarsa har tana neman taɓa gilashin. Ya sa hula, wannan karon. Bayan wuyansa ja wur. Mai shagon da ke kallon gidan ya bar cinikinsa ya zuba masa ido, haɓa a hannu.

Na ce, "Auta."

Ya ɗago, ya matso da fuska, ya ga kunnena. Dariya ta kuɓuce masa. "Inna! Ke ma Likita ta kama ki?"

Na sunkuya a gabansa har ƙasa, na ɗago, na girgiza kai. Na ce, "Ka gani? Bai faɗi ba. Ba sai da kunne ba. Ni da Babanku muka yi. Ga taka na ɗinko, baƙa, ba mai lura."

Ya karɓa ya ja robar ya saki. Dariyar ta tafi. Ya ce, "Ba tabarau ba ne, Inna."

Na ce to mene ne?

Ya nuna mai shagon da haɓa. "Kin gan shi? Tun da na shigo titin nan yake kallona. Tun ina ajin farko ake kallona. Na saba, na iya ba su dariya kafin su yi mini. Yanzu kuma in ƙara musu guntun kunne? Ran da kika ce lafiyayye ne, daɗi na ji. Na samu wanda ya faɗa mini abin da nake so."

Na ce, "Na ji yadda kallon yake yau a mota."

Ya ce, "Ke in kin koma gida ɓare filastar za ki yi."

Ya rufe murfin mitar, ya rubuta lambarsa, ya sa robar a aljihun riga. Ya raka ni bakin titi ya tsayar mini da mota, ya ce wa direba, "A sauke mini tsohuwar nan a hankali, kunnenta ɗaya." Ko a nan sai da ya yi wasa.

Ban ɓare filastar ba. Tana nan.

Litinin, da safe

Matarsa ta bugo daga makaranta, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce jiya ta leƙa ɗaki ta gan shi gaban madubi, ya ɗaura robar a tabarau, ya danne kunnen da yatsa yana juya kai. Da ya ji motsinta ya cire. Yau da zai fita ta ga yana laluben wuyansa.

Nas mai wushirya ta bugo ita ma, ta ce, "Mama tela, gobe fa." Na ce na sani.

Litinin, bayan azahar

In na yi masa magana da baki, sai ya mayar da ita wasa, ni kuma sai kuka. Zan rubuta a nan, in kwafe a takarda mai tsabta, matarsa ta biyo ta karɓa in an tashi daga makaranta. Bai taɓa samun takarda daga hannuna ba. Zan yi baƙaƙen manya-manya yadda zai gani.

Auta, Innarka ce. Abin da na faɗa maka ran nan, na janye. Ido na bi, ido kuma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashi. Wurin ba lafiyayye ba ne, ko da ba ya zafi. Ko da ma lafiyayye ne, na yarda a cire.

Kallon mutane ba zan iya hana shi ba, ban taɓa iyawa ba, tun ina goye da kai. Za su kalla. Su kalle ka kana tafiya da ƙafarka.

Ni na haifi kunnen nan, ni na haifi sauran jikin. Sauran nake roƙo a bar mini.

Ka ba ni amsa kafin azahar ɗin gobe Talata, don in kira nas. Ba sai ka zo ba, ba sai ka huce ba. Ka bugo ko ka aiko matarka da kalma ɗaya. In ka ce to, ran Alhamis ba zan je kusa da Likita ba, ba zan buɗe baki ba. Zan zauna a bencin nan in riƙe maka tabarau har ka fito.